Namakwaland: furen da ba ya buɗewa sai rana ta take

Hanyar N7 ce ke fita daga Cape Town ta miƙe arewa har bakin kogin Orange, inda Afirka ta Kudu ta yi iyaka da Namibiya. Daga Cape Town zuwa Springbok, babban garin yankin Namakwaland, wajen kilomita 560 ne, kwalta ce lafiyayya, tafiyar awa shida ga wanda bai tsaya ba. A tsakiyar Agusta na bi ta don ganin furen daji na yankin, kuma da gangan na ƙi tsayawa kallo a tafiyar zuwa. Na wuce gonakin alkama na Malmesbury, na haura Piekenierskloof, na gangara ta lambunan lemo na Citrusdal, na bar Clanwilliam da Vanrhynsdorp da Garies a baya, ba abin da ya tsayar da ni sai shan mai da sallah. Duk wanda ya san furen nan haka yake yi, don dalili biyu. Fure daga arewa yake fara buɗewa, inda ɗumi ke riga zuwa, tun ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, sannan ya yi ta gangarowa kudu har cikin Satumba. Ban da wannan, a can rana ta arewa take bi da tsakar rana, furen kuma rana yake fuskanta. Mai tafiya arewa ƙeyar fure yake gani. Mai dawowa kudu, rana na bayansa, shi fure ke kallo. Fili ɗaya ne, amma wanda ya tsaya ta kudunsa zai ce ciyawa ce kawai mai duhu-duhu, wanda ya tsaya ta arewa kuwa zai ga ruwan goro iya ganinsa.

Tsiron da ya kai ni can shi ne wanda masana ke kira Dimorphotheca sinuata. Mutanen yankin, waɗanda yawancinsu Afirkans suke ji, suna ce masa jakkalsblom, ko su haɗa shi da sauran masu kama da shi su ce gousblom. Ɗan gidan su shuwaka ne da latas da kashin yawo. Ba ya ganin shekara biyu: ya tsiro, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu, duk cikin wata huɗu zuwa biyar. Tsayinsa ba ya cika wuce santimita 30. Karansa siriri ne, yakan yi ja-ja, yana rassa tun daga gindi. Ganyensa kore ne mai haske, dogo, bakinsa da lanƙwasa da 'yan haƙora marasa kaifi, in ka murza shi ka ji ɗan danƙo da wari. Kowane reshe kai ɗaya yake ɗauka a ƙarshensa, kuma a shekarar da ruwa ya yi kyau faɗin kan yakan kai santimita 5 zuwa 8.

Wannan kan da ido ke ɗauka fure guda ne, taro ne na ƙananan furanni masu yawa. In ka sa gilashin ƙara girma, wanda ke ninka abu sau goma ya isa, za ka ga iri biyu. Na gefe, kowannensu da dogon harshe guda mai ruwan goro ko rawaya ko ruwan hoda mai haske, mata ne zalla. Na tsakiya 'yan bututu ne a cunkushe, masu ɓangaren namiji da na mace a haɗe, suna buɗewa zobe-zobe daga waje zuwa ciki, shi ya sa kai ɗaya ke yin kwanaki yana ba ƙwari garin fure. A gindin harsunan sau da yawa akwai siririn zobe mai duhu. Bayan harshen kuwa ba shi da ƙyalli, launinsa a dushe yake, kuma shi ake gani idan kan ya rufe.

Rufewar nan ita ke tsara wa matafiyi yininsa. Da dare kan yana tsukewa, haka ma in hadari ya rufe rana ko sanyi ya yi yawa. Ba ya buɗewa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 18, wato daga ƙarfe 11 na safe zuwa 3 ko 4 na yamma. Wanda ya yi sammako da asuba don ya riga jama'a, filin banza zai tarar. Da hantsi ka sa hanyarka ta nufi yamma, da tsakar rana kudu, da la'asar gabas. Ranar da gari ya lumshe da gajimare, a bar neman wannan fure, a je kallon tsirrai masu kaurin ganye ko tsoffin ramukan tagulla na Okiep da Nababeep, kusa da Springbok. Ai tagullar ta daɗe tana jawo Turawa yankin: Simon van der Stel, shugaban Turawan Holan na Cape, ya zo nemanta a 1685, haƙa ta kasuwanci kuma ta fara a Springbok a 1852.

Ba duk abin da ya yi ruwan goro a fili ne Dimorphotheca ba, kuma nan ne baƙi suka fi rikicewa. Ganye da iri su ke raba gardama. Ursinia ganyensa a tsattsage yake siri-siri, tohonsa yana sunkuyar da kai kafin ya buɗe, irinsa kuma yana da farare-fararen ɓawo guda biyar a kai har ka ɗauka wani ƙaramin farin fure ne. Arctotis fastuosa ya fi girma, ganyensa da kara suna da farin gashi, tsakiyarsa baƙa ce mai sheƙi. Gazania a manne yake da ƙasa, bayan ganyensa fari, in ka karya shi ya fid da farin ruwa. Duk gida ɗaya ne, kuma a murabba'in mita guda za ka iya samun uku daga cikinsu, ga shuɗin Felicia da 'yan maɓallan rawaya na Cotula a tsakani.

Abin da ya sa na fifita D. sinuata a kan duk waɗannan shi ne irinsa. A Goegap, wani gandun daji mai kimanin hekta 15,000 da ke kilomita 15 daga Springbok, na sami waɗanda suka riga suka ƙosa a wani gangare mai fuskantar arewa. Kan da ya gama fure yakan sunkuya, in ka tallafe shi da tafin hannu ka duba ciki sai ka ga iri kala biyu daga uwa ɗaya. Furannin tsakiya suna ba da iri mai faɗi, shafal, da fiffike kewaye da shi, bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. Iska ke ɗaukar wannan ta kai shi nesa, ɓawonsa siriri ne, kuma da zarar ruwan farko na shekara mai zuwa ya jiƙa shi yawancinsa ke tsirowa. Furannin gefe kuwa suna ba da iri mai kama da ɗan guntun tsinke, mai kaushi, ba fiffike, ɓawonsa mai kauri. Wannan kusa da gindin uwa yake faɗuwa, kuma ba ya gaggawa: kaɗan ne ke tsirowa a shekarar farko, saura su kwanta a ƙasa. Masu bincike na Jami'ar Pretoria sun daɗe suna gwada wannan bambanci a kan tsirran Namakwaland. Amfaninsa a fili yake. In ruwan farko ya zo ya yaudari masu fiffike suka tsiro, sannan sama ta ɗauke suka bushe kafin su yi iri, ba a yi asarar gidan duka ba, akwai na ajiya a ƙasa. In kuma shekara ta yi kyau, masu fiffike sun riga kowa kama sabon wuri.

Akwai kuma wani kulli na biyu. Irin da ya faɗi a Satumba ko Oktoba ba ya tsirowa nan take ko da an jiƙa shi. Sai ya sha zafin bazarar can, daga Disamba zuwa Maris, sannan ya farka. Ba don haka ba, ɗan ruwan da kan ɓata hanya ya zubo a tsakiyar zafi da ya tayar da su duka, rana ta ƙone su cikin mako guda.

Ruwan Namakwaland kaɗan ne ƙwarai. A bakin teku wajen Port Nolloth bai kai milimita 100 a shekara ba, a Springbok wajen 200, a kan tsaunukan Kamiesberg yakan kai 400. Sirrin ba a yawansa yake ba, a lokacinsa yake. Damina da hunturu a haɗe suke zuwa, daga Mayu zuwa Agusta. Ruwan yayyafi ne mai laushi da iskar Tekun Atlantika ke kawowa, yana sauka kan ƙasa mai sanyi, ba ya gudu ya bar ta, rana kuma ba ta shanye shi da wuri. Ga raɓa mai yawa, ga hazon da sanyin igiyar ruwan Benguela ke turowa cikin ƙasa da safe. Tsiro mai gajeriyar saiwa zai iya rayuwa a kan wannan. Shi ya sa babban yankin da Namakwaland ke ciki, wanda masana ke kira Succulent Karoo, duk da busasshe ne, yake da nau'in tsirrai sama da 6,000, kusan kashi 40 cikin ɗari ba a samun su ko'ina sai can.

Shekarar fure mai kyau tana bukatar abu uku su dace, kuma ba kullum suke dacewa ba. Ruwan tayar da iri ya zo da wuri, a Afrilu ko Mayu, ya jiƙa ƙasa sosai. Ruwan bi-baya ya riƙa zuwa a kai a kai cikin Yuni da Yuli. Sannan iskar gabas ta yi haƙuri. Wannan iska, da suke kira bergwind, daga tudun cikin ƙasa take gangarowa, tana ƙara zafi da bushewa tana saukowa, kuma kwana biyu ko uku nata a Agusta sun isa su yanƙwane filin da aka yi wata uku ana jira. In ruwa ya makara har Yuli, tsiron zai fito, amma ba shi da lokacin yin rassa: za ka gan shi ɗan tsugul, bai fi tsawon yatsa ba, da ƙaramin kai guda, yana sauri ya yi iri. Lokacin ruwan farko har yana zaɓen wanda zai mamaye fili, domin kowane nau'i da zafin ƙasar da irinsa ya fi so. Filin da ya yi ruwan goro bana zai iya yin rawaya ko shuɗi baɗi. Don haka hoton bara ba alkawari ba ne. A tambayi masu masauki da ofishin yawon buɗe ido na Springbok inda aka yi ruwa da kuma yaushe, labarin mako guda da ya wuce ma ya tsufa.

A Goegap ɗin ne mutum zai fi gane yadda ƙasa ke raba tsirrai. Manyan duwatsu ne masu sulɓi a tsaitsaye, da kwaruruka masu jan yashi a tsakaninsu. A kan dutse da cikin tsaguwarsa ba ka ganin D. sinuata sai ɗai-ɗai. Wurin na itacen kokerboom ne da ƙananan tsirrai masu ajiye ruwa a ganye. Da ka sauko gindin dutsen, inda ruwan da ya zubo daga falalen ke taruwa cikin yashi mai zurfi, sai ka gan shi ya yi kauri da tsayi. In ka ƙara gaba zuwa tsakiyar kwari inda ƙasa ta yi tauri, sai ya sake sirancewa. Yashi mai sakin ruwa yake so, da rana ba inuwa, da wurin da babu wani babba da zai tare masa. Gefen titi ma wurinsa ne, saboda ruwan kwalta na gangarowa can, injin gyaran hanya kuma yana kankare masa abokan gasa.

A kewayen Springbok, musamman ta hanyar Spektakel mai nufar Kleinzee, akwai wani ɗan uwansa da ya cancanci a durƙusa masa: Gorteria diffusa. Shi ma shekara ɗaya yake yi, a shimfiɗe yake bisa ƙasa, kansa ƙarami. A kan ɗaya ko biyu ko uku daga harsunansa akwai wani baƙin tabo mai tudu, da ƙyalli kore-kore da ɗigon fari. Daga tsaye za ka rantse ƙuda ne ya sauka. Namijin wani ƙaramin ƙuda mai suna Megapalpus capensis ma haka yake ɗauka, sai ya faɗa wa tabon da nufin barbara, ya yi ta mutsu-mutsu, garin fure ya bi jikinsa, ya tashi ya kai wa na gaba. Allan Ellis da Steven Johnson ne suka tabbatar da wannan yaudara a 2010. A 2023 kuma masu bincike na Jami'ar Cambridge suka nuna cewa tsiron ba sabon abu ya ƙirƙira ba, tsoffin kayan aikinsa ya karkatar: ƙwayoyin gadon da ke jigilar sinadarin ƙarfe su suka ba tabon launinsa, waɗanda ke yin gashin saiwa su suka ba shi tudu, na uku kuma su ke sa tabon ya fito a wasu harsuna ya bar wasu. Nau'in yana da kama sama da goma a faɗin yankin, kowace da unguwarta, kuma ba duka ke yaudarar ba. In ka tone yashi kaɗan a gindinsa ba tare da ka tuge shi ba, za ka ga busasshen kan bara mai ƙaya yana nan maƙale da saiwa, domin shi kansa gaba ɗaya ke faɗuwa da irin a ciki, daga cikinsa sabon ke fitowa.

Daga Springbok na juyo kudu kilomita 70 zuwa Kamieskroon, daga nan hanyar burji ta kilomita 21 ta kai ni Skilpad, sashen gandun dajin ƙasa na Namaqua da ake yawan ɗauko hotunan furen yankin daga can. Ƙaramar mota na zuwa, amma burjin yana da ƙunya-ƙunya, bayan ruwa kuma yana santsi, kada a wuce kilomita 60 a awa. Skilpad a kan tudu yake, shi ke fara tare ruwa da hazon da ke tahowa daga teku, shi ya sa ko a shekarar da wasu wurare suka gaza yakan yi abin kirki. Akwai zagayen mota na wajen kilomita 5 da hanyoyin ƙafa. Na ƙafar sun fi, don a mota launi kawai kake gani.

Abin da ba a cika gaya wa baƙo ba shi ne, wannan shimfiɗar ruwan goro da ke sa mutane salati ba dajin Allah ba ne da ba a taɓa taɓawa ba. Saura ce, tsoffin gonakin alkama da aka daina nomawa. In ka lura za ka ga launin yana tsayawa cak a miƙaƙƙen layi, daidai inda garma ta tsaya. Garma ta kawar da ƙananan itatuwa masu daɗewa, ta buɗe ƙasa, sai 'yan shekara ɗaya irin su Ursinia cakilefolia da D. sinuata suka sami fili ba mai ja da su. In aka bar saurar shekara da shekaru ba a taɓa ta ba, masu daɗewa sai su dawo sannu a hankali, yawan nau'o'i ya ƙaru, shimfiɗar kuma ta dushe. Masaniyar tsirrai Gretel van Rooyen ta yi rubutu a kan wannan tsaka-mai-wuya a 2002: abin da masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su gani da abin da masu kare daji ke son maidowa sun saɓa, kuma riƙe shimfiɗar yana bukatar a riƙa tayar da ƙasar wasu filaye da hannu. A ganina babu laifi a ware 'yan filaye don haka, tunda kuɗin baƙi ne ke riƙe garuruwa irin su Kamieskroon a wannan lokaci, muddin ba a yi wa mutane rufa-rufa ba. Ka tsallaka layin garmar da taku ashirin ka shiga cikin duwatsu. Launi zai ragu, amma a inda saura ke da nau'i huɗu ko biyar, nan za ka ƙirga ninkin haka, har da masu albasa a ƙasa waɗanda garma ke kashewa. A irin wurin ne kuma ake dacewa da kunkurun da ya fi kowane ƙanƙanta a duniya, wanda babbansa bai wuce santimita 10 ba. A duba inda ake sa ƙafa, don kasa ma tana shan hantsi a nan.

Kafin garma akwai wanda ke yi wa furen wannan aiki: gara. Daga kan kowane tudu a yankin za ka hango wasu da'irori a warwatse a fili, faɗin kowace mita 20 zuwa 30, da ɗan tudu kaɗan, launinsu daban da na kewaye. Su ne heuweltjies, tsoffin surin wata gara mai tara ciyawa. Ƙasarsu ta fi laushi da taki da sinadarin farar ƙasa, dabbobi masu tono kuma suna yawan birkita ta, don haka 'yan shekara ɗaya ke cika su. A Agusta kowace da'ira sai ta zama tabon rawaya ko ruwan goro a tsakiyar toka-tokan daji. A 2024 masu bincike na Jami'ar Stellenbosch suka auna wasu a kusa da kogin Buffels suka samu sun kai shekara 34,000, kuma har yanzu da gara a ciki.

Gabas da Kamieskroon hanya tana hawa Kamiesberg zuwa Leliefontein, ƙasar kiwo ta gamayya ta jikokin ƙabilar Nama, inda mishan ɗin Methodist ya kafu tun 1816. Can sama sanyi ya fi, dare na yin jaura, fure kuma yana makara da mako biyu ko uku, saboda haka wanda ya rasa na ƙasa zai iya riskar na tudu a Satumba. Makiyayan suna sauka da awaki da tumaki zuwa ƙasa-ƙasa lokacin sanyi, su hau da su in zafi ya zo. In za ka yi wa dattijo magana ka ce masa Oom, dattijuwa kuma Tannie, kuma kowace ƙofar shinge ka bar ta yadda ka same ta. Kiwo daidai gwargwado yana buɗe wa fure wuri. In ya yi yawa, dabbobi na cinye kawunan kafin iri ya ƙosa, ajiyar ƙasa ta yi ta raguwa, sai wani ɗan itace mai kore-rawaya da ake kira kraalbos ya gaje wurin, shi kuwa guba ne ga tumaki da awaki. Ganin kraalbos ya yi yawa a fili shaida ce an wahalar da ƙasar. Wasu 'yan gidan Dimorphotheca ma, musamman waɗanda ake kira bietou, suna da gubar sayanayid da ke tsananta in ganyen ya yanƙwane, irin abin da makiyayanmu suka sani game da gyauron dawa.

Sashen gandun na bakin teku, tsakanin kogin Groen da na Spoeg, yashi ne mai zurfi, sai mota mai jan ƙafa huɗu, a rage iskar taya, kuma a tafi da ruwan sha da isasshen mai. Can hazo ne ke ciyar da tsirrai fiye da ruwan sama, iska ba ta barin komai ya yi tsayi, fure kuma yakan jima bai buɗe ba sai hazon safe ya yaye.

A dawowa, tsakanin Bitterfontein da Vanrhynsdorp, N7 na ratsa Knersvlakte, kuma nan ne za ka ga inda furen nan ba ya iya zama. Filaye ne da farar tsakuwa mai ƙyalli ta lulluɓe, ƙasar ƙarƙashinta ba zurfi, ga gishiri. Tsakuwar na mayar da hasken rana, wurin ya ɗan yi sanyi, sai wasu tsirrai 'yan mitsi-mitsi masu kumburarren ganye irin su Argyroderma suka mallake shi. 'Yan gidan su Dimorphotheca ba su samun gurbi sai a gefen kwalta, da bakin busassun rafuka, da kan surin gara. Satar waɗannan ƙananan tsirrai don sayarwa ƙasashen waje ta yi ƙamari tun wajen 2019, saboda haka hukuma ba ta wasa: tsinkar fure, tuge tsiro ko ɗibar iri a daji ba tare da takardar izini ba laifi ne, ko da a gefen titi ne.

Zangon ƙarshe shi ne Postberg, cikin gandun West Coast kusa da Langebaan, tafiyar awa ɗaya da rabi daga Cape Town ta hanyar R27. Agusta da Satumba kaɗai ake buɗe shi. Nan ruwan goro ya ja baya, fari ya karɓa: Dimorphotheca pluvialis, mai farin harshe da bayan shunayya, a kan yashin bakin teku. Dabi'arsu ɗaya da ɗan uwansa na arewa wajen rufewa da fuskantar rana da iri kala biyu, kuma nan ma filayen da suka fi cika tsoffin gonaki ne da wuraren da namun daji ke kiwo. A je ranar aiki, don Asabar da Lahadi layin motoci a ƙofa yakan cinye awannin da furen ke buɗe. Masauki a Kamieskroon da Springbok ana kama shi tun watanni kafin lokaci. Naman halal a Cape Town yake da sauƙi, a yi guzuri daga can. Alƙibla kuma arewa ce da ɗan karkata gabas. A tafi da rigar sanyi mai kauri ko da rana na zafi.

Mai son shuka shi ya sayi iri na cikin fakiti, ana samu a shagon lambun tsirrai na Kirstenbosch da ke Cape Town, ya kuma nemi takardun shigo da iri na ƙasarsa. A Afirka ta Kudu daga Maris zuwa Mayu ake shukawa, wato in zafi ya karye. A wurinmu abin da ya yi daidai da haka shi ne farkon hunturu, lokacin shukar alkama da latas. A watsa irin kai tsaye inda zai zauna, a ƙasa mai yashi da rana ke duka yini guda, a rufe da yashin da bai wuce rabin santimita ba, a yi ban ruwa da bututu mai feshi. Yakan tsiro cikin kwana 4 zuwa 10, ya yi fure bayan wata uku ko ƙasa da haka. In ya yi ganye huɗu a rage shi, a bar santimita 15 zuwa 20 tsakani. Abubuwan da ke ɓata shi sanannu ne: binne iri da zurfi, ba ya fitowa, ƙasa mai riƙe ruwa, gindin ya ruɓe, taki da yawa, ya yi ganye ya ƙi fure, inuwa ko ta rabin yini ce, ya yi tsawo ya faɗi, kawunan su ƙi buɗewa. Irin da ka tara da kanka kada ka shuka shi a shekarar, ajiye shi a ambulan ɗin takarda, ba leda ba, a busasshen wuri ya sha zafin bazara tukuna. A kuma tsinke kawunan da ba a bukata kafin su ƙosa, domin a California da Arizona da wasu sassan Ostireliya daga lambu ya tsere ya koma daji.